Yadda za ki duba ci gaban motsin yaronki a gida, daga riƙe wuya har zuwa langa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta bakin iyaye daban-daban: shin yarona ya makara wajen zama, rarrafe ko tafiya? Wata ta ce ɗanta ya cika wata bakwai bai zauna ba. Wata ta ce 'yar maƙwabciyarta sati biyu kacal ta ba tata, amma har ta fara rarrafe, ita kuwa tata ko alama. Wani uba ya ce kakar yaron ta ce nauyin jiki ne, a bar shi, shi kuma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ba zan iya yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda ake dubawa bi da bi, da kayan da ke cikin ɗakinki, domin ki san ko haƙuri za ki ƙara ko kuwa mayafi za ki ɗauka ku nufi asibiti. Da uwa nake magana don ita ce ke wuni da yaro, amma uba da yaya da kaka duk za su iya bin waɗannan matakai.

1. Fara da sanin watanninsa na gaskiya

Ɗauko katin rigakafi ko takardar haihuwa ki duba ranar da aka haife shi, ki lissafa watanni da satuttuka. Kada ki dogara da "an haife shi bayan ƙaramar salla". A wurin jariri, bambancin sati uku ba ƙaramin abu ba ne.

Idan bakwaini ne, akwai ragi. Cikakken ciki sati 40 ne. Ki cire satuttukan da ya rage bai cika ba daga shekarunsa. Misali, yaron da aka haifa a sati na 32 ya zo da wuri da sati 8, wato wata biyu. Ranar da ya cika wata shida a duniya, da ma'aunin ɗan wata huɗu za ki auna shi. Haka za ki ci gaba da yin wannan ragi har ya cika shekara biyu.

Gargaɗi: rashin yin wannan lissafi ya sa iyayen bakwaini da yawa kwana da damuwa a banza. Amma kuma kada "ai bakwaini ne" ya zama mayafin rufe kowane jinkiri. Bayan kin yi ragin, in har yanzu yana baya, to yana baya.

2. Haɗa kayan aiki

Tabarma ko darduma mai tsabta, abin wasa mai kala da ke yin ƙara (robar ruwa da kika zuba 'yan tsakuwa kika ɗaure murfin tamau ta wadatar), ƙaramin kofi, cokali, kwalayen ashana guda takwas da aka juye ashanar, ƙwallo, takarda da fensir mai kauri, littafi ɗaya da za ki keɓe don rubutu, sai waya mai ɗaukar bidiyo in akwai. Don gwajin yatsu ki tanadi dafaffen dankali ko ayaba, ki marmasa ƙanana yadda za su narke a baki.

Kuɗin da za ki kashe bai wuce na littafi da fensir ba. Babu buƙatar sayen kayan wasa masu tsada.

Gargaɗi: kada ki gwada yatsun jariri da gyaɗa, aya, dutsen ado, maɓalli ko kwabo. Duk abin da ya ɗauka baki zai kai, kuma ƙwarewa ba ta ba da lokaci. Ƙaramin batir mai kamar maɓalli kuwa ko kusa da tabarmar kada ya zo.

3. Zaɓi lokaci da wuri

Yaro ya farka, ya ci ko ya sha nono kamar rabin awa da ta wuce, ba ya jin barci, ba ya zazzaɓi ko gudawa. Hantsi ya fi, kafin zafi ya taso. Ki shimfiɗa tabarma a ƙasa mai tauri. Katifa mai laushi tana nutsar da yaro, ta hana ki ganin ƙarfinsa na gaskiya. Ki cire masa riga da safa, ki bar shi da ɗan kamfai ko nafkin, don ki ga kafaɗu da baya da ƙafafu. Ki sallami sauran yara zuwa tsakar gida, ki kashe talabijin.

Yaron da ya tashi daga maleriya ko ƙyanda sai an ba shi sati ɗaya ko biyu ya murmure kafin a gwada shi.

4. Zauna ki kalla, kada ki taɓa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani. Ki ajiye shi, ki koma gefe, ki yi minti biyar kina kallo. Abin da yaro ya yi da kansa shi ne abin da ya iya. Abin da ya yi kina riƙe da shi, rabi naki ne.

Ki lura: yana motsa hannu biyu da ƙafa biyu daidai? Kansa yana juyawa dama da hagu, ko kullum gefe ɗaya yake kallo? Tafin hannunsa a buɗe yake ko a dunƙule? Idan ya ga abin wasa, wace dabara yake yi ya isa gare shi: birgima, jan ciki, jan gindi, rarrafe? Motsin a sake yake ko kuwa kamar ana fizgar sa?

5. Gwada manyan gaɓoɓi, daga kai zuwa ƙafa

Ƙarfin yaro daga sama yake saukowa: wuya, sai kafaɗa da baya, sai ƙugu, sai ƙafa. Haka za ki bi.

Ruf da ciki. Ki kwantar da shi a kan cikinsa, ki durƙusa a gabansa ki kira sunansa. Ɗan wata biyu yana ɗaga kai na ɗan lokaci. Ɗan wata huɗu yana dogara a kan gwiwar hannu, ƙirji a sama. Wajen wata shida yana miƙe hannuwansa ya tura jikinsa sama, yana kuma juyawa daga ciki zuwa baya.

Gargaɗi: ruf da ciki na farke ne, kina wurin. In barci zai yi, a rigingine za ki kwantar da shi.

Jawowa zuwa zama. Yana kwance a rigingine, ki riƙe damatsansa biyu, ki ɗago shi a hankali. Jariri sabon haihuwa kansa yana lanƙwasawa baya, wannan daidai ne. Daga wata huɗu zuwa biyar ya kamata kai ya biyo jiki. In ya kai wata shida kai na ta reto baya, ki rubuta, abin a nuna wa likita ne. Kada ki fizge shi, kada kuma ki ɗaga shi da hannu ɗaya.

Zama. A nan ne aka fi ruɗuwa. Mun saba zaunar da yaro a cikin baho ko kwali, a tattare shi da zannuwa, sai a ce ya zauna. Bai zauna ba tukuna, zanin ne ya zauna. Zaman da ake ƙirgawa shi ne ki ajiye shi a tabarma ba jingina, bayansa a miƙe, bai dafa ƙasa ba, ya yi aƙalla daƙiƙa goma. Ki sa matashi a bayansa da ɗan nisa saboda faɗuwa, ba don ya jingina ba.

Tsayuwa da tafiya. Ki sa abin wasa a kan kujera mai nauyi wadda ba za ta kife ba, ki ga ko zai kama ya miƙe. In ya miƙe, ki matsar da abin gefe ki ga ko zai bi kujerar da dafe-dafe. In ya fara tata, ki ƙirga: taku biyar shi kaɗai ba riƙo, shi ne tafiya.

To yaushe ne ya yi latti? A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara 816 masu lafiya a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ta samu cewa zama ba jingina yana zuwa tsakanin wata 3.8 da 9.2, tsayuwa da riƙo tsakanin 4.8 da 11.4, rarrafe tsakanin 5.2 da 13.5, tafiya da riƙo daga wajen wata 6 zuwa 13.7, tsayuwa shi kaɗai tsakanin 6.9 da 16.9, tafiya shi kaɗai kuma tsakanin 8.2 da 17.6. Ki dubi faɗin tazarar nan da kyau. Yaron da ya taka a wata tara da wanda ya taka a wata goma sha shida duka lafiyarsu lau. Shi ya sa auna ɗanki da ɗan maƙwabta ba ya gaya miki komai sai ƙarin hawan jini. Ƙarshen tazarar ne abin riƙewa: wata tara ya wuce ba zama, ko wata goma sha takwas ba tafiya, a kai shi a duba.

Wani abu kuma daga wannan bincike: kusan yara huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. Masu jan gindi kuma sukan ɗan makara wajen tafiya. Rashin rarrafe shi kaɗai ba ciwo ba ne muddin yaro yana da wata hanyar zuwa inda yake so, da gaɓoɓinsa duka.

Gargaɗi: keken zamani da ake zura yaro a ciki yana yawo ba ya koya tafiya, kuma yana kai yaro bakin murhu, tukunyar ruwan zafi ko matakala cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da yaro ke turawa daga baya ya fi shi, amma sai bayan yaron ya iya miƙewa da kansa, kuma da babba a kusa. Tafiya a cikin keke ba ta shiga lissafinki.

6. Koma kan hannu da yatsu

Iyaye sun fi zuba ido a kan tafiya don ita ake gani, amma hannu ne zai riƙe loma, ya riƙe allo, ya ɗaura zariya. Ki zaunar da shi a cinyarki yana fuskantar ɗan teburi ko faifai a kife, ki riƙa ajiye abu a tsakiya, ba dama ba hagu.

Wajen wata uku zuwa huɗu tafin hannu yana buɗewa, yana kai hannu baki, yana riƙe abin da aka sa masa. Wajen wata shida yana miƙa hannu ya ɗauko abin da yake so. Zuwa wata tara yana sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan, yana kuma yakuto ɗan guntun abinci da yatsu duka kamar mai share tire. Zuwa shekara ɗaya yana tsinke guntun ayaba da babban yatsa da manuni kawai. Wannan tsinka ita ce abin da nake so ki kalla kurkusa: yatsu biyu su haɗu kamar bakin hantsaki, sauran ukun su kauce, ya ɗauke ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba ya kai baki ba kuskure. In kin ga haka, ido da hannu da ƙwaƙwalwa suna aiki tare.

Wajen wata goma sha takwas yana zane-zane barkatai da fensir, yana shan ruwa a kofi ko da yana zubarwa, yana ƙoƙarin cin abinci da cokali, yana ɗora kwalin ashana biyu zuwa uku a kan juna. Ɗan shekara biyu yakan ɗora wajen shida.

Gargaɗi: yaron da bai kai shekara ɗaya ba bai kamata ya zama yana da hannun da ya fi so ba. Wani ɗan 'yar'uwata tun yana wata bakwai komai da hagu yake ɗauka. Gida ya ɗauka da raha, ana cewa bahago ne irin kakansa, har ana ɗan buge hagun don ya koma dama. Ranar da na zauna na kalle shi a tabarma sai na ga damar a dunƙule take, babban yatsa a cikin tafi, in zai juya ma barin ta yake yi a ƙarƙashinsa. Da aka kai shi asibiti aka ce ɓangaren damarsa ne ke da rauni, aka fara masa gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi irin na asibiti. Yau yana tafiya makaranta da ƙafarsa, amma har yanzu ina jin zafin watannin da muka yi muna dariya.

7. Daga shekara biyu zuwa biyar, mayar da shi wasa

Yaron wannan shekaru in ya gane gwaji ake masa, zai noƙe. Ki fita da shi tsakar gida, ki yi abin da kanki ki ce ya kwaikwaye ki, ko ki sa yayansa ya fara.

Ɗan shekara biyu yana gudu, yana harbin ƙwallo, yana hawa 'yan matakala yana tafiya ba rarrafe ba. Wajen shekara biyu da rabi yana tsalle ƙafa biyu su bar ƙasa tare, yana buɗe murfin roba mai murɗawa. Ɗan shekara uku yana kwaikwayon da'ira in kin zana masa, yana sa wasu kayansa da kansa. Ɗan shekara huɗu yana cafe babbar ƙwallo mafi yawan lokuta, yana riƙe fensir da yatsu ba da dunƙulen hannu ba, yana ɓalle maɓalli. Ɗan shekara biyar yana tsalle da ƙafa ɗaya irin na langa ko 'yar gala-gala, yana kuma sa wasu maɓallan. Ba sai da takarda ba, gawayi a siminti ko yatsa a rairayi ya isa.

Akwai gwaji ɗaya da ba na so ki manta. Ki zaunar da shi a ƙasa ki ce ya tashi da sauri. Yaron da ya wuce shekara uku tashi yake yi tsam. In kullum sai ya juya ya dafa ƙasa, sannan ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa yana hawa jikinsa kamar tsoho, musamman namiji mai yawan faɗuwa da manyan sha-raɓa, wannan alama ce ta raunin tsoka, likita ya kamata ya gani.

Kuskuren da ake yi a nan: hukunta yaro a kan abin da bai taɓa gani ba. Wanda ba a taɓa ba shi cokali ba don da hannu ake ci a gidan, ko gidansu ba matakala, ba za a ce ya kasa ba. Ki ba shi sati biyu yana gwadawa kullum, sannan ki sake dubawa. Haka yaron da ke wuni a goye. Goyo alheri ne, amma baya ba filin motsa jiki ba ne, ki riƙa sauke shi a tabarma sau da yawa a rana.

8. Ji jikinsa da hannunki, ki kwatanta dama da hagu

Yana kwance hankalinsa a kwance, ki lanƙwasa gwiwar hannu da ta ƙafa a hankali, ki miƙar, ki buɗe cinyoyinsa kamar za ki sa masa nafkin. Abin da kike nema: tauri kamar ana ja da ke, ko saki kamar tsumma. Ki ɗaga shi ta hammata. In ƙafafunsa sun miƙe sun harɗe kamar almakashi, ko kuma yana zamewa daga hannunki kamar ba ƙashi, ki rubuta. Ki duba ko cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko yana jan ƙafa ɗaya in yana rarrafe, ko kullum a kan yatsu yake tafiya.

Gargaɗi: kada ki danna gaɓar da ta ƙi. Kada kuma a kai shi wurin mai ɗori a ja, ko a yi masa sakiya. Yaro mai sakin jiki kuma ba ɗan ruwa ba ne, ɗan mutum ne mai lalura da ke da suna a asibiti, kuma akwai taimakon da ake ba shi.

9. Rubuta, ɗauki bidiyo, maimaita

A littafin nan ki ja layi uku: kwanan wata, abin da ya yi da kansa, abin da ya yi da taimako. Ki ɗauki bidiyon minti ɗaya, jikinsa duka ya fito, haske na gabansa ba bayansa ba. Yara da yawa in sun ga farar riga sai kuka, likita ba ya ganin komai, bidiyon ne zai yi magana.

Dubawa sau ɗaya hoto ne kawai. Ki maimaita duk wata a shekarar farko, bayan nan duk wata uku. Don kada ki manta, ki haɗa shi da ranakun rigakafi: sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 da wata 15. Rigakafi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma kina gaban ma'aikaciyar lafiya, sai ki nuna mata littafin. Ki roƙa a auna nauyinsa, a kuma auna damtsensa da tef ɗin nan mai kala uku in ya kai wata shida. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, kuma yaron da yunwa ta cinye masa tsoka ba zai zauna ko ya taka a kan lokaci ba sai an gyara cimarsa.

10. Yanke shawara: jira ko asibiti

In yana cikin tazara, ɓangarorin biyu daidai, kuma duk wata akwai sabon abu a littafin, ki ci gaba da wasa da shi ki bar zancen mutane.

In abu ɗaya ne ya ɗan makara, sauran lafiya, ki ƙara masa lokacin tabarma, ki sake dubawa bayan sati huɗu. In ba canji, ku tafi.

Ku tafi cikin satin nan in ya wuce wata huɗu bai riƙe wuya ba, wata tara bai zauna ba, shekara ɗaya ba ya ɗora nauyi a ƙafafunsa ko da an riƙe shi, wata goma sha takwas bai taka ba, ko kin ga tauri, saki ko bambancin dama da hagu. Ki ƙara sa ido in bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani a satin farko, ko ya taɓa sanƙarau ko maleriya mai jijjiga. Haka masu zama kusa da inda ake daka dutsen zinare, saboda gubar dalma irin wadda ta hallaka yara a Zamfara a 2010.

Ku tafi yau, ba gobe ba, in ya daina yin abin da ya riga ya iya, kamar mai zama ya koma faɗuwa, ko hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Najeriya a 2020, amma har yanzu duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki kwatsam ana so a kai rahotonsa, a ɗauki samfurin bayan gidansa da wuri.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa, ki nemi takardar turawa zuwa likitan yara da sashen gashin ƙashi. Manyan asibitoci irin su na Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da waɗannan sassa. In matsalar ƙashi ce, kamar ƙafar da aka haifa a murɗe ko gwame mai tsanani, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a Nijar kuma akwai asibitin yara na CURE a Yamai. Murɗaɗɗiyar ƙafa ana gyara ta da filasta, kuma aikin ya fi sauƙi in an fara tun yaro na 'yan satuttuka.

Ki riƙo katin rigakafi, littafin, wayar da bidiyon ke ciki, duk maganin da yake sha har na gargajiya, da abincinsa da ruwa don layi yakan yi tsawo. Kuɗin kati da na ganin likita sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, ki tambaya a wurin yankar kati kafin ranar. Abin da ya fi cin aljihu shi ne kuɗin mota, don gashi ba zuwa ɗaya ba ne, kuma a nan ne iyaye da yawa ke sarewa bayan zuwa biyu ko uku. Saboda haka tun ranar farko ki gaya wa mai gashin nisan garinku, ki roƙe shi ya koya miki motsa jikin da za ki riƙa yi wa yaron a gida, ki yi a gabansa ya gyara miki hannu, wani ya ɗauke ku bidiyo, sannan ku tsara ranakun dawowa daidai da abin da maigida zai iya ɗauka.